Osmo Pocket 3: Kyamarar Aljihu Ta DJI Da Irin Aikin Da Ta Dace Da Shi

A watan Oktoba na shekarar 2023 ne kamfanin DJI ya fitar da Osmo Pocket 3, wata 'yar ƙaramar kyamarar bidiyo mai tsawon kusan santimita 14 da nauyin giram 179, wadda ake iya zura ta a aljihun kaftani ba tare da ta ja rigar ƙasa ba. An fi sanin kamfanin da ƙera ƙananan jirage marasa matuƙi masu ɗaukar hoto daga sama. Frank Wang ne ya kafa shi a shekarar 2006 a birnin Shenzhen na ƙasar Sin, birnin da shi ne kuma mazaunin kamfanin Transsion mai wayoyin Tecno da Infinix da itel da suka cika hannuwanmu. Wannan ita ce ta uku a jerin kyamarorin aljihun kamfanin, bayan ta farko da ta fito a 2018 da ta biyu da ta biyo baya a 2020, kuma ita ce ta fara jan hankalin masu ɗaukar biki da masu shirye-shiryen YouTube da TikTok har suka ɗauke ta a matsayin kayan sana'a.

Tambayar da kusan kowa yake yi idan ya gan ta a hannun wani ita ce, tunda wayarsa tana ɗaukar 4K, mene ne amfanin ƙara kashe kuɗi a kan wata na'ura dabam. Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ba ta cikin yawan ɗigon hoto. Bayan na yi aiki da kyamarar a ɗakin taro da cikin kasuwa da kan titi, na gamsu cewa abubuwa biyu ne mutum yake biyan kuɗinsu idan ya saye ta, wato hoton da ba ya girgiza ko ana tafiya, da muryar da take fita tsaf ko ana hayaniya. Wanda aikinsa yake buƙatar waɗannan biyun zai ji daɗinta sosai. Wanda kuma ya saye ta da nufin ta maye masa gurbin babbar kyamarar da yake ɗaukar hotunan amarya da ango da ita, zai yi da-na-sani tun a bikin farko.

Jikinta ba shi da tarkace. Akwai mariƙin da ake riƙewa, da allo mai inci 2 da ake taɓawa, da maɓallin ɗauka, da ɗan sandan da ake turawa da babban yatsa don juya kan kyamarar. Allon yana tsaye ne a jikin mariƙin, kuma da zarar an murɗa shi ya koma a gicciye sai kyamarar ta kunna kanta, kan kyamarar ya miƙe, ta shirya ɗauka cikin 'yan daƙiƙoƙi. Wannan saurin ba ƙaramin abu ba ne ga mai ɗaukar taro, domin lokacin da iyayen amarya za su fashe da kuka ko ango zai shigo da abokansa ba ya jiran mai kyamara ya gama saita kaya. Idan an danna sandan sau biyu kan kyamarar zai dawo tsakiya, idan an danna sau uku sai ya juyo ya fuskanci mai riƙe da ita, don haka mai gabatar da shiri yana iya nuna wa masu kallo layin 'yan tumatir, nan take kuma ya juyo da ita ga fuskarsa ya ci gaba da bayani ba tare da ya tsayar da ɗauka ba.

Abin da ya raba ta da waya shi ne wuyanta, wanda masu sana'ar ke kira gimbal. Ƙananan injina uku ne suke riƙe da kan kyamarar, ɗaya yana kula da juyawar dama da hagu, ɗaya da ɗagawa da sunkuyawa, ɗaya da karkacewa, kuma duk motsin da hannu ya yi sai su mayar da martaninsa nan take ta yadda idon kyamarar zai ci gaba da kallon inda aka nufa. Aikin ya yi kama da na wuyan mai tallar nono, wadda jikinta yake tafiya yana rausaya amma ƙwaryar da ke kanta ba ta tangaɗi. Waya kuwa yawanci dabarar lissafi take yi: tana yanke gefunan hoton, sannan ta riƙa matsar da abin da ya saura don ta ɓoye girgizar. Da rana tsaka wannan dabarar tana aiki har mutum ba zai ga bambanci sosai ba. Da dare ne asirinta yake tonuwa, saboda idan haske ya yi ƙaranci dole kyamara ta daɗe tana buɗe ido a kan kowane hoto, sai motsin hannun ya shiga cikin hoton kansa, kuma babu lissafin da zai iya goge shi daga baya. Shi ya sa bidiyon da aka ɗauka da waya ana tafiya a wurin dina yake fitowa fitilu suna rawa, fuskoki suna narkewa duk lokacin da mai ɗauka ya taka ƙasa. A Osmo Pocket 3 girgizar ba ta kai wa ga idon kyamarar tun farko, don haka ana iya bin amarya daga bakin mota har zuwa kujerarta, fitilun ado suna tsaye cak a inda suke.

Akwai motsi ɗaya da wuyan ba ya iya shanyewa, wato hawa da saukar jiki gaba ɗaya lokacin tafiya, domin babu injin da ke kula da wannan ɓangaren. Mai ɗaukar da yake taka ƙasa da ƙarfi zai ga hoton yana ɗan tsalle a hankali ko da bai girgiza ba. Maganinsa shi ne a ɗan lanƙwasa gwiwa, a fara ɗora diddige kafin yatsu, a riƙe gwiwar hannu kusa da jiki, kuma mutum yana saba wa da wannan tafiyar ba da daɗewa ba.

Wani abu da aka inganta sosai shi ne farantin da yake karɓar haske, wato sensa. Na wannan kyamarar yana cikin ajin da ake kira inci ɗaya, mai faɗin kusan milimita 13 da tsawon kusan 9, irin wanda Sony ta sa a kyamarorinta RX100 da ZV-1, kuma girmansa ya kusa ninka na Pocket 2, wato ta biyu a jerin, sau uku. Girman farantin shi ne yake yanke hukuncin yawan hasken da kyamara za ta tara, kuma yawan hasken shi ne yake hana hoto cika da wannan tsakuwa-tsakuwar da ke ɓata bidiyon dare. Na fi ganin amfanin wannan a wurin kamu da aka yi a tsakar gida bayan sallar isha, inda hasken bai wuce na ƙwayaye biyu da aka rataya a jikin bango ba. Zanen lallen da ke hannun amarya ya fito da ratsinsa ɗaya bayan ɗaya, duwatsun da ke jikin mayafinta suna ƙyalli ba tare da sun haɗe sun zama farin tabo ba, kuma ana iya gane fuskokin ƙawayenta da ke zaune a baya. Ba ina cewa tana mayar da dare rana ba ne. Idan duhu ya yi yawa ita ma tana laushe hoton don ta ɓoye tsakuwar, har fatar mutum ta yi sumul fiye da yadda take, kuma 'yar ƙaramar fitila mai batir a hannun mataimaki tana gyara hoto fiye da kowane saiti da ke cikin na'urar.

Matsalar da duk mai ɗaukar taro a ƙasar nan ya sani ita ce haɗuwar farar shadda da baƙar fata a cikin hoto ɗaya. Idan kyamara ta bi hasken rigar sai fuskar ta yi duhu, idan ta bi fuskar sai rigar ta ƙone ta zama farin fili, aikin zaren da mai ɗinki ya shafe makonni yana yi a wuyan babbar riga ya ɓace gaba ɗaya. A wurin ɗaurin aure da hantsi, inda dattawa suke jere cikin fararen kaya a ƙofar masallaci, wannan ita ce jarrabawar kowace kyamara. Osmo Pocket 3 tana auna hasken ne daga fuskar da ta gano, wanda hakan daidai ne, amma na ga ya fi kyau a rage hasken da hannu kaɗan, kamar kashi ɗaya ko biyu cikin uku na mataki guda a ma'aunin hasken kyamarar, don a ceto aikin rigar. Ga wanda ya iya tace bidiyo, akwai tsarin launi da ake kira D-Log M, wanda yake adana hoton da zurfin launi na bit 10, wato sama da launuka biliyan ɗaya maimakon miliyan 16 da ɗoriya da bit 8 yake bayarwa. Hoton yana fitowa a koɗe kamar an wanke shi, amma yana riƙe da bayanin da ke cikin farin rigar da na inuwar fuskar a lokaci ɗaya, sai a dawo masa da launinsa a kwamfuta da ma'aunin da kamfanin yake bayarwa kyauta a shafinsa. Wanda ba shi da lokacin wannan aikin, ko kuma a waya yake tacewa ya tura a daren, ya tsaya a kan launin da aka saba, domin D-Log M da ba a gyara ba ya fi kowane hoto muni, kuma masu biki ba za su karɓi uzurin cewa an yi hakan ne don inganci ba. Akwai kuma saitin kwalliya da ke goge fuska yana laushe ta. Shawarata ita ce a bar shi a kashe, saboda kyamarar tana fitar da launin fatarmu da kyau yadda yake, kuma babu dalilin da zai sa a mayar da fuskar uwar amarya ta zama wadda 'ya'yanta ba za su gane ba.

Saiti biyu ne nake ganin ya wajaba mai saye ya sani tun ranar farko. Na farko ya shafi wutar lantarki. Wutar Najeriya da ta Nijar tana bugawa sau 50 ne a daƙiƙa, ta Amurka kuma sau 60, kuma yawancin bidiyoyin koyarwa da ke intanet suna ba da shawarar ɗaukar hotuna 30 ko 60 a daƙiƙa ne saboda a can aka yi su. Wanda ya bi wannan shawarar a ɗakin taronmu zai iya ganin baƙaƙen ratsi suna gangarowa a kan hoton, ko hasken yana ƙyaftawa. A sa kyamarar a kan hotuna 25 ko 50 a daƙiƙa, saurin rufe ido kuma ɗaya bisa 50 ko ɗaya bisa 100 na daƙiƙa, sai matsalar ta ragu ƙwarai. Idan janareta ne yake ba da wutar kuma ba ya tafiya daidai, ko an yi amfani da fitilun ado masu araha, gara a ɗauki gwaji na 'yan daƙiƙoƙi a duba kafin baƙi su cika wuri.

Na biyu ya shafi rana. Ƙofar hasken gilashin kyamarar a buɗe take a kan f/2.0 kuma ba a iya rage ta, don haka a ranar arewa babu abin da kyamarar za ta yi don kare kanta sai ta ƙara saurin rufe ido har ya kai ɗaya bisa dubbai. Hoton ba zai ƙone ba, amma motsi zai riƙa fitowa a tsinke-tsinke, hannun mai magana ko tayar babur su rasa wannan laushin da ido ya saba gani a fim. Gilasan rage haske ne maganin wannan, masu maganaɗisu da ake mannawa a gaban idon kyamarar, kuma kamfanin yana sayar da su uku a haɗe, ND16 da ND64 da ND256, mai babbar lamba ya fi rage haske. Ba sa cikin kwalin, amma ga mai aiki a waje a Kano ko Sakkwato ko Damagaram ina lissafa su cikin kuɗin kyamarar ne, kuma ND64 ne zai fi zama a jikinta.

Sai batun murya, wanda a ganina shi ne rabin darajar wannan na'ura, kuma shi ne abin da masu shirye-shiryenmu suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Mai kallo yana iya haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma idan ya kasa jin abin da ake faɗa zai wuce gaba. Kyamarar tana da makirufo uku a jikinta, kuma suna wadatarwa idan mai magana yana riƙe da ita a tsawon hannunsa a wuri mai shiru. Da zarar an shiga kasuwa ko iska ta taso, sai a koma ga DJI Mic 2, ɗan ƙaramin makirufo marar waya da yake zuwa a cikin babban kunshin da ake kira Creator Combo. Yana haɗuwa da kyamarar kai tsaye ba tare da an soka mata wani abin karɓar sauti ba, kuma tana iya ɗaukar guda biyu a lokaci ɗaya, wanda hakan ya isa ga hira tsakanin mutum biyu. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake maƙala shi. Kaftani ba shi da kwala irin ta kwat, hijabi kuma ba shi da inda za a matse, amma makirufon yana zuwa da ɗan maganaɗisu da ake sa wa ta cikin riga, shi kuma ya manne ta waje a daidai ƙirji, ko a juya su makirufon ya ɓuya a ciki. Na ga an yi hira da wani maƙeri a bakin maƙerarsa, almajiransa suna dukan ƙarfe a bayansa, babura suna wucewa, amma muryarsa ta fito a sama da komai, ƙarar guduma ta koma baya ta zama shaidar wurin maimakon ta danne maganar. Makirufon yana da ma'ajiyar gigabait 8 a cikinsa inda yake iya adana nasa kwafin sautin, har da tsarin bit 32 da ke ba da damar ceto muryar da ta yi ƙarfi fiye da kima, kamar lokacin da maroƙi ya ɗaga murya ko mata suka rangaɗa guɗa a kusa. A lokacin hunturu kada a manta da 'yar hular gashin da ake sa masa, domin iskar da kunne bai damu da ita ba tana iya cika sautin da gurnani.

Ga mai aiki shi kaɗai, kyamarar tana iya zama masa mataimaki. Idan an taɓa fuskar mutum sau biyu a allo, tsarin da ake kira ActiveTrack 6.0 zai kama shi, kan kyamarar ya riƙa juyawa yana bin sa duk inda ya nufa. Malamin da yake koyarwa a gaban allo, ko mai girki da take kai-komo tsakanin murhu da tebur, za su iya kafa ta a kan 'yar ƙafarta mai uku su ci gaba da aikinsu. A cikin cunkoso kuwa, inda mutane suke gilmawa ta gaba kuma da yawa suna sanye da anko iri ɗaya, bai kamata a dogara da shi ba, gara mai ɗauka ya riƙe ragamar da yatsansa. Akwai kuma saitin nuna kaya, wanda yake sa kyamarar ta bar fuska ta koma kan duk abin da aka ɗago gabanta. Mai sayar da turaren wuta ko atamfa ko leshi ta intanet za ta ɗago kwalba, rubutun jikinta ya fito tar, ta sauke hannu kyamarar ta koma kan fuskarta, duk ba tare da ta taɓa komai ba. Tana iya gani tsaf daga nisan santimita 20. Tana kuma ɗaukar bidiyon tsaye na 3K don TikTok da Instagram da sitatus, sannan idan an haɗa ta da kwamfuta ta wayar USB-C tana aiki a matsayin kyamarar taron intanet.

Babban abin da ba ta da shi, kuma wanda ya kamata ya tsayar da mai saye ya yi tunani, shi ne zuƙo abu daga nesa. Gilashinta ɗaya ne mai faɗin gani, daidai da milimita 20 a lissafin manyan kyamarori, an yi shi ne don mutum ya ɗauki kansa da abin da ke kewaye da shi. Zuƙowar da take yi ta yanke hoto ce kawai, ninki biyu a 4K, ninki huɗu a 1080p, kuma kowane ƙari yana cin ingancin hoton. A wurin hawan sallah, inda 'yan kallo suke tsaye nesa da dawaki, za ta ba da kyakkyawan hoton taron gaba ɗaya, amma ba za ta kawo fuskar mahayi ko adon linzami kusa ba. A wurin tafsiri ko lacca, idan ba a ba mai ɗauka izinin kafa ta kusa da malam ba, malamin zai zama ɗan ƙaramin abu a tsakiyar allo. Haka nan faɗin ganin yana ɗan ja fuskar wanda ya tsaya a can gefen hoto, don haka idan ana ɗaukar jerin mutane gara a ja baya a bar fili a gefuna. A fannin zuƙowa wayoyi masu gilashi uku sun fi ta, kuma tsohuwar kyamarar Canon ko Nikon mai dogon gilashi ta fi su duka.

Hoton tsaye ma ba fagenta ba ne. Megafiksel 9 da 'yan kai take bayarwa, ba ta da fitilar walƙiya, kuma ba za a buga hotonta a babban firem a rataya a falo ba. Ya isa a yi fuskar bidiyo a YouTube da shi, iyakarsa ke nan.

Yanayin ƙasarmu yana buƙatar a kula da ita fiye da yadda ake kula da waya. Kamfanin ya rubuta cewa tana aiki ne tsakanin digiri 0 zuwa 40 a ma'aunin Salshiyas, alhali a watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin Maiduguri da Sakkwato da Yamai yana haura 40. Ɗaukar 4K mai hotuna 50 ko 60 na dogon lokaci yana ɗumama kowace ƙaramar kyamara, don haka a bazara hikima ita ce a ɗauka guntu-guntu, a riƙa sa ta a inuwa tsakanin ɗauka da ɗauka, kuma kada a bar ta a cikin motar da aka rufe a rana. Ba a yi ta don ruwa ba, ko yayyafin damina bai kamata ya same ta ba. Wuyan nan da na yaba shi ne kuma wurin da ya fi rauni, saboda gaɓoɓinsa a buɗe suke, ƙurar hunturu da yashi suna iya shiga, faɗuwa ɗaya a kan siminti kuma tana iya karya shi, kuma gyaransa ba irin wanda kowane mai gyaran waya zai yi ba ne. A mayar da ita cikin murfinta duk lokacin da aka kashe ta, a sa igiyar hannu, a riƙa hure ƙurar da ɗan famfon iska maimakon gogewa da bakin riga.

Batirinta mai ƙarfin mAh 1,300 a like yake ba a cire shi. Lissafin kamfanin shi ne minti 166 a 1080p da minti 116 a 4K mai hotuna 60, amma an auna na farkon ne allo a kashe, don haka a wurin aiki a sa ran ƙasa da haka. Abin da ya rufa mata asiri shi ne saurin caji, domin da caja mai wat 65 tana kaiwa kashi 80 cikin ɗari a minti 16, ta cika a minti 32. A inda wuta take zuwa ta ɗauke ba sallama, wannan ya fi dogon batir amfani, kuma tana ci gaba da ɗauka idan an jona ta da fawa bank. Babban kunshin yana zuwa da ƙarin mariƙi mai nasa batirin a ciki.

Bayan an gama ɗauka ne wani kashe kuɗin yake fitowa, wanda masu talla ba sa ambata. Kyamarar ba ta da ma'ajiya a cikinta, sai an sa mata katin memori, kuma dole ya zama mai sauri, mai alamar U3 ko V30. Katunan jabu sun yi yawa a kasuwa, masu nuna girman da ba su da shi, kuma babu asarar da ta kai a gama ɗaukar ɗaurin aure a tarar fayil ɗin ba ya buɗuwa, saboda haka a saya a wurin amintacce, a cika katin da bidiyon gwaji a duba shi a kwamfuta kafin a fita da shi aiki. A mafi girman inganci tana rubuta megabit 130 a daƙiƙa, wato kusan gigabait ɗaya a kowane minti. Bikin awa biyu zai iya haura gigabait 100, alhali abin da Google Drive yake bayarwa kyauta gigabait 15 ne, kuma duk wanda yake sayen data ya san abin da ɗora irin wannan nauyin yake nufi. Idan a WhatsApp ko Facebook aikin zai ƙare, 1080p ya wadatar, ya fi sauƙi ga batir da kati da tsohuwar kwamfuta, wadda fayilolin H.265, wato tsarin matse bidiyo da kyamarar take amfani da shi, suke wahalarwa. Kuma idan za a tura wa mai biki ta WhatsApp, a tura a matsayin takarda, wato Document, wadda take ɗaukar har gigabait 2 ba tare da an matse hoton ba, domin turawa ta hanyar da aka saba tana zubar da yawancin ingancin da aka sayi kyamarar dominsa.

Manhajarta ita ce DJI Mimo, kuma sai da ita ake yi wa kyamarar rajistar farko, don haka ana buƙatar waya da intanet a ranar da aka buɗe kwalin. Masu iPhone za su same ta a App Store, masu Android kuwa daga shafin kamfanin ake sauke ta, ba daga Play Store ba, kuma kada a karɓe ta daga wani shafi dabam ko a hannun masu tura manhajoji. Tana kwaso bidiyo zuwa waya ba tare da igiya ba, tana da 'yan kayan tacewa, amma yawancin masu aiki a waya za su ƙarasa a CapCut, masu kwamfuta kuma a DaVinci Resolve, wadda take da nau'in kyauta mai ƙarfi wajen gyaran launi.

Lokacin da ta fito, farashinta dala 519 ne ita kaɗai, babban kunshin kuma dala 669, wanda ya ƙunshi makirufon da mariƙi mai batir da ƙafa mai uku da gilashin ƙara faɗin gani da jaka. A naira farashin yana bin canjin dala ne, don haka sai a tambaya a wurare da dama, ko a Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Legas. Ina ganin bambancin farashin nan, wanda ya kasance dala 150 a lokacin fitowarta, ya cancanci a biya shi, saboda makirufon kaɗai ya cinye mafi yawansa, kuma wanda ya sayi ƙaramin kunshin zai dawo neman makirufo ba da jimawa ba. Ɗan jarida mai fita rahoto shi kaɗai, da mai shirin zagaya garuruwa da kasuwanni, da 'yar kasuwa mai tallar kayanta da bidiyo, su ne aka yi wa wannan kyamarar. Mai ɗaukar biki ya riƙe ta a matsayin ta biyu, wadda za ta shiga cikin taro ta bi amarya, babbar kyamarar kuma tana kan ƙafarta tana ɗaukar fuskoki daga nesa. Wanda yake zaune a ɗaki yana magana a gaban kyamarar da ba ta motsi, wayarsa da fitila mai kyau da makirufo marar waya za su yi masa aikin da kaso kaɗan na wannan kuɗin. Idan kuma ta hannu za a saya, a kunna ta a gaban mai sayarwa, a tabbatar kan yana miƙewa ba tare da ƙara ko karkacewa ba, a juya shi dama da hagu har ƙarshe, a ɗauki farin bango don a ga ko akwai tabo a gilashin, sannan a bar ta tana ɗaukar 4K na minti goma a ga yadda batirin yake sauka.